Zafin da Na Ji a Ƙafar Akawal

Shekara tara ina hawan dawakin kawuna a filin sukuwa kafin ya sauke ni. Kawu shi ke horar da dawakin wani Alhaji, ɗan kasuwar hatsi a nan Gidan Rumji. Shi ke faɗin abin da za su ci, da filin da za su shiga, da wanda zai hau. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a bargarsa na tashi. Laifina guda ne: na yi aure, tuwo ya karɓe ni. Wata safiya ina ɗaure majayin sirdi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, dokin ga fa ba kamiyon ɗaukar kaya ba ne." Aka yi dariya, ni ma na yi. Ashe sallamata ke nan.

Ba a yi sati biyu ba sai ga wani mutumin Gazawa da ƙunshin kayansa. Siriri ne, ya ɗan girme ni, magana ma sai an ja shi. An ce da can amalanken shanu yake kora. Shi kawu ya ɗauka ya ɗora a kan akawal. Akawal fa! Baƙin dokin da ni na fara sa wa linzami, wanda ya cije ni a kafaɗa, tabon yana nan har yau. Ranar ko fura ban iya sha ba.

Ni kuma aka ba ni duban ƙafa. Kawu yana da ƙa'idarsa: kowace safiya, kafin a zuba harawa, sai an durƙusa an bi ƙafafun doki huɗu daga gwiwa zuwa kofato, da bayan hannu. Tafin hannun mai aiki ya yi kanta, in ji shi, ba ya jin komai. In ƙafa ɗaya ta fi ƴar'uwarta ɗumi, dokin ba ya fita, ko wa ya zo roƙo. Ƙugunsa ya fara hana shi durƙuso, shi ya sa ya bar mini. Yana zaune a tabarma zai ce, "Ƙafa?" In ce, "Lafiya lau." Ya sha faɗi gaban mutane cewa hannuna ya fi nasa ji. Ni dai lallashi na ɗauke shi, irin wanda ake yi wa wanda aka ƙwace wa abu.

Bayan girbi aka sa sukuwa biyu. Ɗaya a gida, gajera, ɗaya a Agiye, mai zagaye uku, sati guda tsakani. Alhaji ya so a yi ta gida don surukansa na Tibiri su zo su gani. Kawu ya ce a'a. Akawal ba ya tashi da wuri, sai jikinsa ya yi zafi, mutumin Gazawa kuma ya iya riƙe doki har zagayen ƙarshe. Gajeriyar sukuwa ɓata su za ta yi su biyu. Alhaji ya yi faɗa, ya haƙura.

Wannan ya ci mini rai fiye da saukewar. A zamanina ina! Duk inda aka buga ganga kawu ya tura ni, gajera ko doguwa, rairayi ko tsakuwa. Ban taɓa jin ya yi wa Alhaji musu saboda ni ba. Yau ga baƙo ana zaɓar masa fili kamar ana zaɓar wa ango riga. Na yi ƙyashi, ba zan ɓoye ba. Ko gaisuwarsa in na amsa sai na ji ɗaci a bakina, shi kuwa bawan Allah bai taɓa yi mini komai ba.

Muka isa Agiye ana gobe sukuwa. Da safe na durƙusa na bi ƙafafun akawal. Uku lafiya. Ta gaba ta dama, ɗan sama da kofato, da ɗumi. Ba mai yawa ba, kamar kofin shayi da aka shanye aka ajiye. Na sake bi, na koma ta hagu, na dawo. Yana nan.

"Ƙafa?" in ji kawu daga tabarma.

"Lafiya lau," na ce.

Na san abin da na yi. In na faɗa, za a janye dokin, mutumin Gazawa ya koma gida da mutuncinsa. In na yi shiru, zai zo na huɗu ko na biyar, mutane su ce ai da wane ne a kai da ba haka ba. Lissafina ke nan. Dokin kansa ko tunawa da shi ban yi ba, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya yanzu.

Bayan la'asar aka sake su. Zagaye biyu mutumin Gazawa yana can baya, ya riƙe akawal gam. Ana shiga na uku ya sake masa linzami. Wayyo, dokin nan! Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wucewa, har na tsinci kaina ina ihu tare da jama'a. Sun zo kwanar ƙarshe, inda ƙasar fako ce mai tauri, yana gaba da tsawon doki biyu, kawai sai muka ga ya koma baya a kan sirdi, ya ja linzami, ya ratse gefe, ya dira ƙasa. Bulalar tana hannunsa, bai ɗaga ta ba. Dokin mutanen Agiye ya wuce ya ci.

Fili ya rikice. Wasu na cewa an saye shi, wasu na cewa tsoron kwana ya ji. Wani ya wurga masa takalmi, sai da jandarma suka shiga tsakani. Ni ma na sa baki, da ƙarfi yadda za a ji: "Dama mai koran shanu mi ya sani?" Wallahi a lokacin daɗi na ji. Shi kuwa yana tsaye riƙe da kan dokin. Alhaji ya iso yana huci, babbar riga a kafaɗa, ya ce, "Yau ɗin ga zai bar mini barga."

Kawu ya dafa ƙugu ya durƙusa da ƙyar. Ya sa bayan hannu a ƙafar, ya daɗe. Da ya miƙe, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, har na bakin hanya sun ji shi.

"Alhaji, zo ka taɓa. Taɓa mana! Jijiya ce. Da ya ƙara mai bulala guda a fakon can, da ka ci sukuwa, da kuma yanzu wuƙar yanka shi muke nema. Ta cikin sirdi ya ji ta, cikin ihun ga duka. Na tsufa a harkar ga, ban ga mahayi kamar shi ba. Filin ga ni na zaɓe shi, mai zagi ya zage ni. In ya tafi, tare za mu tafi."

Ban ga mahayi kamar shi ba. Ina tsaye a wurin da bokitin ruwa a hannu, ni da na yi masa shekara tara.

Alhaji ya sunkuya ya taɓa, ya ga kumburin, jikinsa ya yi sanyi. Can ya ce, "To wa ya duba ƙafar da safe?"

Kawu ko kallon inda nake bai yi ba.

"Ni na duba," ya ce. "Tsufa ne, hannun ya mutu."

Akawal ya yi wata huɗu a turke, ya warke, ya koma fili da mutumin Gazawa a kansa. Kawu bai taɓa ta da mini zancen ba, ko a fuska. Na so ya zage ni, ko ya kore ni, bai yi ba. Kuma ga halin ɗan Adam: har a nan ƙyashin bai bar ni ba. Shi mutumin Gazawa an tsaya masa da gaskiya a gaban dubun jama'a, ni da ƙarya aka rufe ni.

Washegarin da muka dawo gida na fito da safe na tarar da kawu a durƙushe gaban dawaki, hannu ɗaya a kan turke, ɗayan yana bin ƙafa. Na ce, "Kawu, bari in yi." Ya ce, "Je ka kawo harawa."

Haka ya yi ta yi shekara huɗu, har Allah ya karɓi abinsa. Bai sake tambayata "Ƙafa?" ba. In ya gama dokin ƙarshe ƙugu ya ƙi miƙuwa, mutumin Gazawa ne ke zuwa ya kama hannunsa ya tashe shi, ni ina can tsaye da harawa a ka.