Ƙuri'ar Inna

Yayana lauya ne, kuma shi ne ɗan farin Inna. A kotu a Kano, an ce idan ya miƙe ya gyara baƙar rigarsa sai alƙali ma ya gyara zama. A gidanmu kuwa, a ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar, da ya yi sallama sai Inna ta tuna da wani aiki da ta bari a bayan ɗaki. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta amsa masa magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari gadonmu ce mu Fulani, amma ta Inna har tsofaffi na cewa ta yi yawa. Tun da aka yaye shi ta miƙa shi ga kakarmu. In ya zama dole ta yi zancensa, sai ta ce "mutumin Kano".

Ni ce auta, lokacin ina koyarwa a firamare a Gumel. Ni na zama tafinta tsakaninsu, alhali yare ɗaya suke ji.

Shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki ga farar hula, Yaya ya rataye baƙar riga ya dawo gida neman kujerar majalisar dokokin jiha. A lokacin duk muna ƙarƙashin Kano. Ya samo wata tsohuwar a-kori-kura ya ɗaura mata lasifika, ya dinga bin kasuwanni, har ta Maigatari da ta Gagarawa. Da farko sashe kaza na tsarin mulki yake karanta wa mutane, su kuma su saurara cikin ladabi, in ya gama su tambaye shi zancen rijiya da burtalin shanu. Bai daɗe ba ya gane. Kafin ruwan shuka ya sauka ya iya yin alkawari kamar kowa.

Wannan ne karon farko da matan ƙauyenmu za su jefa ƙuri'a. Wata rana da la'asar ya same ni a makaranta, ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa har ƙirji.

"Auta, ina son ƙuri'ar Inna."

Na ce ƙuri'a ɗaya ai ba za ta kayar da shi ba.

"Na sani. Amma tun da aka haife ni ban taɓa karɓar komai daga hannunta ba. Ko fura sai ta biyo ta hannun wani. Wannan kaɗai nake so."

Tausayinsa ya kama ni, mutum da gemunsa.

Muka je tare. Ya tsuguna a bakin ƙofa, Inna na ciki ta ba mu baya tana kaɗa nono, ni ina tsakiya. Ya kawo hujjoji a jere, kai ka ce gaban alƙali yake, ni kuma ina maimaita mata abin da ta riga ta ji da kunnenta.

"Ki ce wa mutumin Kano," in ji Inna, "ni ban lalace ba da zan fita bainar jama'a in zaɓi abin da na haifa."

"Ki faɗa mata a ɓoye ake yi. Bayan labule za ta shiga ita kaɗai ta dangwala yatsa. Babu wanda zai gani."

"Ni ai zan gani."

Ta ƙara da cewa fita dai za ta fita, tunda dagaci ya ce kowa ya fito, amma ɗan mutane za ta ba. Ɗan mutanen shi ne babban abokin karawar Yaya, wani dillalin gyaɗa daga Gumel wanda ba ta taɓa gani ba. Ba ta tsaya nan ba, ta faɗi haka a bakin rijiya, ta faɗi haka a gidan suna. Mata suka yi ta yaba mata, ana cewa irin su Inna sun ƙare.

Ranar zaɓe an kwana ana ruwa, maza na ta gaggawa su dangwala su wuce gona. Inna ta sa zanenta na saƙi, ta bi layi, ta shiga bayan labule. Da ta fito ta ɗaga murya yadda har wakilan jam'iyyu za su ji, ta ce ta sauke nauyi, ta ba ɗan mutane. Yaya na tsaye gindin tsamiya. Ya yi murmushi ya shiga motarsa. Ni kam haushinta na ji, ranar ko abincinta ban ci ba.

Aka kwashi akwatuna zuwa Gumel, ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya a gaban wakilai. Da aka zazzage na ƙauyenmu, kowace takarda ta Yaya ce. Dillalin gyaɗa bai samu ko ɗaya ba, sauran 'yan takara ma haka, kuma babu wadda ta lalace. An koya wa Inna cewa babu mai ganin abin da ta dangwala, amma babu wanda ya gaya mata ana ƙirgawa akwati-akwati.

Labarin ya riga mu isa gida. Yaya ya ci zaɓe, amma a bakin rijiya ba zancen da ake yi ke nan ba. Inna ta shige ɗaki ta saki asabari, ko masu zuwa barka ba ta fito wa ba.

Yaya ya zo ya tsuguna a inda ya saba, sabon ɗan majalisa, babbar rigarsa na jan ƙasa. Can Inna ta yi magana daga ciki.

"Auta, ki ce masa idona ne ba ya gani sosai. Hannuna ne ya zame."

Ban taɓa jin lauyan nan ya bar magana ta wuce bai yi mata tambaya ba sai ranar. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan aikin rigarsa.

"Ki faɗa mata na yarda," ya ce. "Ki ce Allah ya ƙara mata lafiyar ido."

Na ɗaga asabari na shiga don in isar da saƙo. Na tarar da ita zaune a cikin duhun ɗakin, tana zura zare a allura.