Injiniyan da Ya Goge Dogon Marke

Tun da Abdulfattah ɗan Tasalla mai ƙosai ya dawo daga Kaduna da kwamfuta a jaka, ba wanda ya ƙara kiran sunansa a Birnin Gwari. Injiniya! Shi kuwa yana amsawa har da gyaran murya. A Dogon Marke aka yanke cibiyarsa, wani ɗan ƙauye bayan Randagi da 'yan bindiga suka tasa, mutanensa suka watsu cikin gari, kowa a raɓe.

Da ƙungiyar manoma ta samo filayen noma a bakin gari domin waɗanda aka koro, gogan naka ya ce rajistar takarda aikin mutanen da ne. Ya gina shafin intanet, ya ɗauko wata manhaja mai kwashe abin da aka rubuta a shafin ta kai rumbun ajiya. Sati uku yana fama su jitu, kamar mai sasanta surukai. Da suka jitu, sai ya ɗaure kowane suna da ƙauyensa, ya kuma amince da wani sharaɗi da bai tsaya karantawa ba: in aka goge ƙauye, duk abin da ke rataye da shi ya bi shi. Takardun sunayen da masu unguwa suka kawo kuwa, da ya gama kwafa, uwarsa ya ba, ta naɗe ƙosai. Ilimi ke nan.

Ana gobe rabo, Malam Wakili shugaban ƙungiya ya leƙo.

"Kai Injiniya, Dogon Marke kuma? Ai ko kaza babu. Cire shi, kada baƙi su ce kufai muke wa rajista."

Ya danna. Jerin ya yi tsaf, har ya yaba wa kansa.

Washegari mutum sittin da ɗaya na Dogon Marke suka tsaya a rana, ana kiran sunaye, ana nuna wa kowa filinsa. Kafin azahar fili ya ƙare. Tasalla, wadda ta riga ta ware irin masararta, ta matso teburinsa.

"Ɗan nan, ban ji an kira ni ba."

Ya rubuta sunanta, babu. Ya sake, babu. Kunya da tsoro suka rufe shi, ya faɗa mata gaskiya da ƙyar.



"Su waɗancan da suka kore mu," in ji ta, "ai sun bar mu da sunayenmu."