Ludayi Uku a Kowace Tukunya

Shekara talatin da bakwai Tuan Samahin ya yi yana haɗa gahawa mai ƙanƙara a gidajen biki na birnin Kolombo, kuma bai taɓa yarda cewa abin sha yake yi ba. A wurinsa abinci ne. Madara ce fa, in ji shi, wa ya taɓa jin madara ta cuci mutum? Da safe matarsa Marliya za ta ajiye masa gurasar kwakwa, ya ture ta gefe, ya cika kofi da ragowar jiya ya shanye, ya ce ya karya.

Wajen mahaifinsa ya gaji sana'ar, kuma ba a rubuce take ba. A dafa gahawa ta yi ƙarfi, a tace da farin ƙyalle, a juye mata madarar gwangwani mai kauri, a ƙara sukari, a jefa kirfa da ɗan kanumfari. Sai dai sanyi yana kashe zaƙi. Abin da ya yi daidai da zafinsa, da ya sha ƙanƙara sai ya yi lami. Shi ya sa kowace tukunya sai Samahin ya ɗanɗana ta sau uku, bayan tacewa, bayan madara, da bayan ta yi sanyi. Ba kuma da bakin cokali ba. Ludayi yake cikawa ya haɗiye, don ya ce harshe na ruɗin mutum, a maƙogwaro ake jin zaƙin gaske. Babban biki kuwa tukunya goma yake ci.

Wata rana ya yi tuntuɓe da ƙanƙarar da aka ajiye a bakin ƙofa, babban yatsan ƙafarsa ya fashe. Wata biyu ciwon ya ƙi warkewa, har ya fara baƙi. Marliya ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsu ba, ta duba ƙafar, ta duba takardar gwajin jini.

"Baba, kofi nawa kake sha a rana?"

"Ɗaya tak, 'yata. Da safe."

"Ki tambaye shi batun ludayin," in ji Marliya.

"Ke kuma wa ya sa da ke? Wannan ai ɗanɗano ne, ɗanɗano ba sha ba ne."

Likita ba ta yi musu da shi ba. Ta sa aka kawo kofi da sukari, ta riƙa zubawa cokali bayan cokali har tara, ta tura gabansa.

"Ga abin da ke cikin kofi ɗaya naka. Madarar da kake taƙama da ita, kusan rabin gwangwanin sukari ne. Abin gina jikin da ke ciki, ƙwai ɗaya ya fi shi. Ciwon sukari ya kama ka, Baba. Ko ludayin, ko ƙafar."

Samahin ya dawo gida yana ta ƙunƙuni, wai yaran yanzu boko ya hana su sanin abinci. Amma ƙafar yana son abarsa.

Bayan mako uku sai ga bikin jikar Haji Doole, tsohon ɗan kasuwar da duk unguwa ta san shi da tsirfa. Shi ne ya taɓa mayar wa Samahin da tukunya guda saboda kirfa ta ɗan yi yawa. Ranar aikin Marliya ta ɗauke ludayin tun kafin mijin ya kai hannu. Shekara talatin tana wanke tukwanen nan, ba a taɓa tambayarta ko zaƙi ya ji ba.

"Zuba madarar kawai, maigida. In ya isa zan faɗa."

Ya zuba. Ta kurɓa, ta ce a ƙara. Ta sake kurɓa, ta ce ya isa, alhali shi a idonsa saura gwangwani guda.

"Za ki kunyata ni gaban Doole."

"To zo ka ɗanɗana, sai na saya maka sandar dogarawa."

Haka suka gama tukunya goma bai sa ko ɗigo a baki ba. Da aka fara rabawa bayan cin abinci, ya tsaya jikin ginshiƙi yana kallon Haji Doole. Ya ce wa kansa tsoron kunya ne ya tsayar da shi. Gaskiyar magana kuwa, so yake tsohon ya yatsine fuska ya ture kofin.

Haji Doole ya shanye, ya sa aka ƙaro, sannan ya yafito shi da hannu.

"Samahin, duk Kolombo babu mai maƙogwaro irin naka. Daga kurɓar farko nake gane aikinka. Ranar da ka bari, ni ma na bar sha."

"Na gode, Haji," in ji Samahin.

Marliya tana can baya tana tara kofuna, ba ta ko ɗago kai ba.

Yatsan ya warke kafin ƙarshen shekara. Yanzu Samahin yana cin gurasarsa da safe, ana kuma kiransa biki kamar da, har ma fiye. An sha zaginsa a kan gahawa a rayuwarsa, duk ya manta. Yabon Haji Doole ne har yau yake masa ciwo.