Ranar da na zauna cikin shalla

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma akwai ranar da ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Ƙauyenmu yana gangaren gari, tsakanin Bodinga da Shagari. Duk ruwan kwatar garin, na mahauta da na masu wankin mota da na bayan gidaje, rafinmu yake faɗawa. Nan muke wanki, nan dabbobi ke sha, in rijiya ta ƙafe mu ma mu ɗiba. Shekarar amai da gudawa ta ɗauke mini miji da ɗiya biyu. Ni ma na kwanta, na tashi. Ban yi kuka da yawa ba, akwai sauran yara da za a ciyar.

Daga baya ƙaramar hukuma ta haƙa manyan ramuka a bakin kwatar, aka zuba duwatsu, aka dasa shalla, doguwar ciyawar nan ta fadama. Wata duba-gari ta ce mana saiwarta ke tsotse ƙazantar kafin ruwan ya kai rafi. Ban san boko ba, amma ina da ido da hanci. Ruwa na shiga baƙi, yana fita da haske, warin ma ya ragu.

To, wurin manomi shalla abokiyar gaba ce. Cikinta jan-baki ke kwana, tsuntsayen da ke cinye gero. Da gero ya fara nuna, maza suka kira gayya don su tumɓuke ta. Ba mugunta ba ce, haka suka taso suna yi wa kowace shalla.

Da hantsi na hango su da adduna da fatanya. Na aje tulu, na riga su isa, na shiga cikin laka na zauna.

Jagoran gayyar taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna yara ba mu raga wa juna.

Ya ce, "Ke tsohuwa, mi kike nema nan? Ko kwaɗi sun aiko miki da goron aure?"

Na ce, "Gara kwaɗo da kai, shi ya san ruwa."

Aka yi dariya. Sai ya ɗaure fuska. "Tashi. Tsuntsaye za su gama da geronmu. Mi za ki ci da rani, ciyawa?"

Gaskiya ya faɗa, ni ma ina da gero a gona. Na miƙe, na cika ƙwarya daga inda kwata ke shiga, na cika butar wani daga inda ruwan ke fita. Na aje su gabansa.

"Azahar na nan tafe. Zaɓi na alwala."

Ya leƙa ƙwaryar, jini-jini da kumfa, ya kau da kai. Cikin 'yan gayyar babu wanda bai kai gawa maƙabarta ba a shekarar amai da gudawa.

Wani dattijo ya ce, "Tsuntsu bisa yake sauka, ba cikin saiwa ba. Ku sare ta daidai gwiwa, ku bar gindin."

Haka aka yi. Taubashin nawa yana sara yana cewa in maciji ya sare shi, ni zan yi jinya. Mata muka kwashe karan, muka saƙa asabari. Tsuntsaye sun taɓa geron, amma mun cika rumbu daidai gwargwado. Shalla ta sake tohowa, tana nan har yau, kuma duk kaka haka ake rage mata tsawo.

Yanzu jikokina na wanka a rafin, ina zaune ina kallo. Ruwan sha kam har gobe sai na tafasa. Abin da na koya shi ne, in ka san abin da ke tsare maka rai, kada ka tsaya dogon bayani. Je ka zauna a kansa, mutane za su tsaya su duba.