Ƙofar da Aka Bar wa Dal-su

Duk wanda ya taɓa hawa tsaunin da ke bayan ƙauyenmu a tsibirin Jeju ya ga Yang Mal-sun, ko da bai san ya gan ta ba. Ita ce tsohuwar nan mai lanƙwasasshen baya da ke tafe rungume da dutse kamar jariri. Hotonta yana cikin wayoyin mutane ba adadi, ba kuma wanda ya taɓa tambayar sunanta.

Tun tana budurwa take nutso a teku, kamar uwarta da kakarta, tana ɓamɓaro kawa, naman ruwan nan mai ƙoƙo, daga jikin duwatsu da wani guntun ƙarfe mai faɗin baki. Ta auri Ko Dal-su, masunci mai yawan dariya da ƙarancin kamu. Ɗansu Yeong-bae bai daɗe da fara tafiya ba guguwa ta tafi da jirgin Dal-su, teku kuwa ba ta dawo da ko takalminsa ba. Sai aka yi yadda aka saba: aka binne rigarsa da hularsa a gonar kan tsauni, dab da inda ƙasa ta yanke ta leƙa ruwa. Aka kewaye kabarin da katangar baƙin dutse, jeri kawai ba laka, don kada dawaki su tattake. A gefe ɗaya aka bar 'yar kafa, aka ɗora faffaɗan dutse a kanta. Ƙofar kurwa ke nan. Wanda gawarsa ke ciki, ta nan yake fita shan iska. Shi Dal-su ta nan yake shigowa. In ba ƙofar, ba shi da wurin kwana sai cikin ruwa.

Mal-sun ta rantse teku ba za ta ƙara cin nata ba. Ko bakin ruwa ba ta bar yaron ya je ba, balle kan tsauni. Yana yin wayo ta tura shi karatu Seoul, can ya yi aure, can ya yi tumbi. Ita kaɗai take hawa da lauje a watan nome kaburbura, ta zuba wa mijinta giyar shinkafa, ta ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya kamata ya mutu.

Sai aka shimfiɗa hanyar 'yan yawon buɗe ido ta gefen gonar. Motoci suka riƙa juye su a gindin tsauni, kowa da hula da sanda kamar mai zuwa yaƙi. Suna da wata ɗabi'a: mutum ya ɗora dutse a kan dutse, ya rufe ido, ya roƙi abin da yake so. Mai son miji, mai son cin jarrabawa, mai son ramewa. Da duwatsun hanya suka ƙare, ga katanga kusa, a jere, kamar don su aka tara.

Tun daga nan Mal-sun ta sami sabuwar sana'a. Kullum da safe ta hau, ta rushe roƙe-roƙen jama'a, ta mayar da duwatsun inda suke.

Deok-im, abokiyar nutsonta ta dā, wadda ta koma sayar da lemo a bakin hanyar, kan ce, “Uwar Yeong-bae, ki ji tsoron alhaki. Jiya kin rusa auren yarinya biyu.”

“Su je su rusa kabarin ubansu su roƙa. Ke ma da bakinki, ai cinikinki suke yi.”

“To in ci me? Dutse?”

Wata rana da aka yi yayyafi santsi ya kwashe ta da dutse a hannu, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka kai ta asibiti a birni, ta daɗe a kwance. Yeong-bae ya zo da matarsa, ya tsaya a kan uwar ransa a ɓace. Yaron kirki ne, wannan ba mai musu. Kirkin nasa ne ma ya jawo abin.

“Inna, kin gama ɗaukar dutse har abada. Ni zan yi maganin abin.”

Ta ɗauka allon gargaɗi zai kafa, ta gyaɗa kai ta koma barci.

Ranar da aka sallame ta, ana gobe nome kaburbura, ya tallabe ta har kan tsauni yana ta murmushi kamar mai ɓoye kyauta. Magina ya ɗauko daga can ƙetaren teku, suka ɗaure katangar da siminti, kowane dutse ya kama ɗan'uwansa gam. Aiki ya yi kyau, sumul. Ta dafa sanda ta zagaya sau ɗaya, ta sake zagayawa a hankali.

“Ina ƙofar?”

“Wace ƙofa, Inna?”

“Nan. Nan gefen.”

“Au, wannan ramin? Ai nan ne suka fi yi wa sata. Na ce a cike shi da kyau, ko ɓera ba zai shiga ba.”

Ta dube shi. Goshin ubansa ne, dariyar ubansa ce. Ta buɗe baki za ta zage shi, sai ta rasa ta inda za ta fara. Wa ya taɓa kawo shi nan ya nuna masa?

“Yaushe aka yi aikin?”

“Tun farkon kwanciyarki.”

Wato duk ruwan saman nan da ta riƙa ji yana dukan tagar asibiti, Dal-su yana waje.

“Ka kyauta,” ta ce. “Je ka, kada jirgi ya bar ka.”

Washegari Deok-im ta gan ta tana jan ƙafa zuwa sama, ba lauje a hannunta, sai tsohon ƙarfen ɓamɓarar kawa.

“Ke, likita bai ce ki kwanta ba?”

“Likitan ne zai buɗe masa?”

Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta fara saran siminti. Ƙarfen na kawa ne, ba na gini ba, hannun kuma ya tsufa. Rana ta take kafin dutse ɗaya ya saki. Ta zaro shi ta ajiye a gefenta, ta sunkuya ta leƙa: 'yar kafa ce wadda ko hannu ba zai shiga ba, amma ana hango ruwa ta ciki.

“Yi haƙuri, uban Yeong-bae,” ta ce. “Ka ɗan ƙara jira.”

Inuwa ta faɗo a kanta. Wata yarinya ce da saurayinta, riga iri ɗaya, fuska fes. Yarinyar ta rusuna da ladabi, ta nuna dutsen da ke gefen Mal-sun.

“Sannu da aiki, Kaka. Duk na wurin nan a manne suke. Wannan kin gama da shi?”