Eutimio Barraza da Faifan da Ya Kankare wa Suna

Haihuwa da karatu

An haifi Eutimio Barraza Cassiani ranar 9 ga Maris, 1948, a unguwar Rebolo ta birnin Barranquilla. Mahaifinsa Nicanor ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, mahaifiyarsa Delfina kuwa mai suyar kifi. Ya yi firamare shekara huɗu ya daina. Shi dai ya ce talauci ne, maƙwabta kuwa suka ce korarsa aka yi.

Sana'a

A 1965 ya fara koyon sa faifan waƙa a wuraren bukukuwa, a 1972 kuma ya buɗe gidan kiɗa mai suna La Rendija, ɗaki guda wanda mutum arba'in ke cika shi maƙil. Sau uku manyan gidajen rawa suka nemi ɗaukarsa aiki, ya ƙi, wai a ƙaramin ɗaki ne kaɗai yake ganin idon mai saurare, ya gane waƙar da za ta biyo baya. Gaskiya ne, amma ba iyakarta ke nan ba: a ƙaramin ɗaki ne kuma yake ganin hannun kowa da jakar kowa.

Al'adar masu sa faifai a wancan zamani ita ce, idan mutum ya sami faifan da babu mai irinsa, sai ya kankare sunan waƙar da ke jikin faifan da wuƙa, domin kada abokan hamayya su aika a sayo musu. A 1974 wani ma'aikacin jirgin ruwa ya sayar wa Eutimio wani faifai daga Afirka. Nan take ya kankare shi, ya jefa kwalin a kogi, ya laƙaba wa waƙar suna La Viuda, wato mai takaba. Sau ɗaya tak yake sa ta duk Asabar, kuma saboda ita ake bin layi a ƙofarsa.

Aure da 'ya'ya

Ya auri Herminia Padilla a 1976, suka haifi 'ya'ya uku. Amininsa Abelardo Pájaro, direban bas, shi ne uban baftismar ɗan farinsa, kuma yana da kujera ta dindindin kusa da lasifika.

Shekarun zargi

A watan Mayu na 1986 Eutimio ya ji La Viuda tana tashi daga wani gidan kiɗa a ƙetaren gari. Babu tantama, wani ya naɗe ta a kaset cikin ɗakinsa. Zarginsa ya faɗa kan Abelardo, saboda kullum da jakar abinci yake zuwa. A gaban jama'a ya tare shi, ya ce, “Compadre, uban baftismar ɗana, buɗe jakar nan.” Abelardo ya buɗe, sai ga rogo da cuku, ya ce, “To, ko rogon ne ya iya naɗar waƙa?” Aka fashe da dariya, dariyar nan kuwa ita ta kashe amincin shekara ashirin, domin daga ranar an hana Abelardo shiga. Bayansa aka kori surukin Eutimio, aka kori wani tela saboda aljihunsa ya cika girma. Kaico, kafin 1995 ɗakin mutum arba'in ya koma na mutum bakwai.

Ƙarshen rayuwa

A 2009 faifan ya suɓuce daga hannunsa ya tsage biyu. Ya so ya sayi wani, sai ya tarar sunan waƙar na asali ya ɓace masa, domin sau ɗaya ya taɓa karanta shi. Da ciwon zuciya ya kwantar da shi a 2011, ya sa Herminia ta sanar a unguwa cewa duk mai kaset ɗin ya kawo ya ji sau ɗaya, ya yafe masa. Babu wanda ya yarda, domin kowa ya ɗauka tarko ne.

Rasuwa

Ya rasu ranar 2 ga Agusta, 2011, bai sake jin waƙar ba. An binne shi kashegari a makabartar unguwa, inda mutum goma sha ɗaya suka zo kowa da nasa kaset ɗin La Viuda a aljihu. Abelardo ya zo hannu wofi, ya roƙi a sa masa ita, domin rabonsa da jinta shekara ashirin da biyar.

Marigayin ya bar matarsa Herminia da 'ya'ya uku: Wilfrido, Yadira da Eneida. Biyu daga cikinsu suna cikin masu kaset.