Yadda anko ya koma ruwan goro

Jama'a, na canza wa dangi kalar anko ban sani ba!

Kun san bikin ƙanwata Hadiza ya matso. Ni kuma ɗan kod ɗin kwamfuta da na koya ya hana ni sakat. Jiya na haɗa bot, wato manhaja mai aiki da kanta, a guruf ɗin dangi na waya, yana tura sanarwa. Don burgewa na sa rubutun ya fito da kauri, ruwan goro. Saƙon ya ce, "Ga kalar anko." Hoton shuɗiyar atamfar da amarya ta zaɓa zai biyo baya. Ashe bai tafi ba!

Yau da la'asar na shiga kasuwar Bodinga karɓar shuɗiyar shaddata. Shagon tela ko'ina atamfa ruwan goro!

Na ce, "Malam Sani, bikin wa ake?"

Ya ce, "Naku mana! Tun safe mata ke kawowa. Har na yanka."

Nan take na ciro waya. Na kira Gwaggo Asabe a Shagari. Na ce, "Gwaggo, shuɗi ne fa!"

Ta ce, "Wane shuɗi? Kai kac ce ga kala, mun ko ga kala. Har mutanen Lambara sun saya!"

Na tafi gida, na faɗa wa Hadiza. Ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Yaya, a bar shi haka."

Na ce, "To ni da na ɗinka shuɗi fa?"

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kai da bot ɗinka sai ku yi anko."